Tabon haƙori daga maganin kafso: yadda yake shiga da abin da ake iya yi masa



A filinmu na kiwon lafiya akwai tambayar da ke yawan dawowa, galibi daga bakin iyaye mata. Yaro ya yi famfara, sababbin haƙora sun fito, amma maimakon fari sai a ga rawaya, ko ruwan ƙasa, ko ruwan toka, wani lokaci har da zane a gicciye kamar an ja layi. An sa asuwaki, an sa buroshi da man goge baki, an kai ga gawayi da gishiri, launin yana nan daram. Shin mene ne wannan? Kuma yana fita?

Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan tabo shi ne wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da kowa ya sani a kasuwanninmu, wato tetirasikilin, kafson nan da aka fi sani da ja-da-rawaya. Tabon da yake yi a cikin haƙori yake, tun haƙorin bai ɓullo daga dasashi ba. Shi ya sa guga ba ta fidda shi. Akwai gyaran da likitan haƙori ke yi, amma yana cin kuɗi da lokaci, alhali hana shi shiga bai fi ƙarfin kowa ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Mutanen Barwa sun bar garinsu a 2015 saboda hare-haren Boko Haram. Sun yi shekaru a wuraren ƴan gudun hijira, har watan Yuni na 2021 da aka fara maida su gida, mutum kusan dubu shida a tashin farko. Haka garuruwa da yawa na bakin kogi da na bakin tafki suka watse. A waɗannan shekaru wasu gidajen likita sun rufe, an hana hawan babur a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kai yaro mai zawo asibiti ya zama tafiya mai wuya. Wanda ya fi kusa da uwa shi ne mai tallar magani a tire ko mai tebur a bakin kasuwa, kuma ja-da-rawaya na cikin abin da ba ya yankewa a wurinsa, ga shi da araha.

Yaran da aka haifa a wancan lokaci su ne yanzu haƙoransu na girma suka fito, ko suke kan fitowa. Ƙannensu kuma suna nan a goye, haƙoransu na ginuwa a cikin dasashi. Na farkon muna nema musu gyara, na biyun muna iya kare su tun yau.

Yadda tabon ke shiga

Ɗan Adam na yin haƙora sau biyu: na nono guda 20, sannan na girma guda 32. Na nono suna fara ƙarfi tun jariri na cikin ciki, daga wajen wata na huɗu. Na girma kuwa suna fara ginuwa daga haihuwa. Haƙoran gaba, waɗanda ake gani in mutum ya yi murmushi, suna fara ginuwa tun jariri na da wata uku zuwa huɗu, su kammala wajen shekara huɗu zuwa biyar, amma ba sa fitowa sai yaro ya kai shekara shida zuwa takwas. Fiƙa da wasu turame suna kammala ginuwa wajen shekara shida zuwa takwas.

Abin da jiki ke gina haƙori da ƙashi da shi shi ne sinadarin kalsiyam. Shi kuwa tetirasikilin yana da halin manne wa kalsiyam duk inda ya same shi. In yaro ya sha shi lokacin da haƙori ke ginuwa, sai maganin ya bi jini ya je ya zauna cikin ginin, a rufe shi a ciki. Ku ɗauki misalin zane. Dauɗar da ta hau zane sabulu na fidda ta, amma in zaren ne aka rina tun kafin a saƙa, ko an kwana ana wanki launin ba zai fita ba.

Wannan ne ma dalilin layin da ake gani a gicciye. Kowane layi yana nuna lokacin da aka ba yaron maganin, daidai inda ginin haƙori ya kai a ranakun. In an yi ta ba shi sau da yawa, layukan sai su haɗe, haƙorin ya rine gaba ɗaya. Da farko launin rawaya ne. Da haƙori ya fito haske ya riƙa dukansa, sai ya riƙa komawa ruwan ƙasa ko ruwan toka cikin watanni da shekaru. Haƙoran gaba su suka fi saurin yin duhu, domin su suka fi ganin rana.

Ku lura da tazarar da ke tsakani. Kafson da aka buɗe aka zuba wa yaro a kunu yana ɗan shekara biyu, sai ya kai shekara bakwai za a ga aikinsa. A lokacin ba mai tuna kafson. Sai a ce ƙazanta ce, ko gado ne, ko sammu.

Mace mai ciki in ta sha maganin daga wata na huɗu zuwa haihuwa, yana ƙetarewa zuwa ga jariri ya rina haƙoran nono. Bayan haihuwa har zuwa shekara takwas, haƙoran girma ne ke cikin haɗari, kuma su ba su da canji.

Likitocin duniya sun daɗe da sanin wannan. Maganin farko na wannan dangi ya shiga hannun likitoci a 1948. A 1956 likitoci a Amurka suka ba da rahoton rinewar haƙora ga yaran da suka daɗe suna shan sa, a 1963 kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a kai. Tun daga nan ƙa'idar ita ce: ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba.

Launin kafso ba ya isa a gane magani, domin kamfanoni na sauya launi yadda suka ga dama. A sa wanda ya iya karatu ya duba sunan da ke jikin kwali ko leda. Duk sunan da ya ƙare da "cycline", kamar Tétracycline, Oxytétracycline ko Minocycline, ɗan wannan gida ne. Shi Minocycline, wanda ake rubuta wa masu ƙurajen fuska, yana iya sa haƙoran babba ma su yi shuɗi-shuɗi in an daɗe ana sha. Oxytétracycline kuwa makiyaya sun san shi sarai, shi ne ake yi wa shanu da awaki allura da shi, ana kuma sa wa kaji a ruwa. Na dabba na dabba ne, kada a kusanta shi da yaro.

Ba kowane tabo ba ne na kafso

Kafin a ɗora wa magani laifi, sai a tantance. Akwai tabon da ke bisa haƙori: na goro, na shayi, na taba, da na fure da iyayenmu mata ke rina haƙora da shi don ado. Maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba yara shi ma yana barin baƙi-baƙi a bisa haƙori. Duk waɗannan a waje suke, wankin haƙori a wurin likita na fidda su.

Akwai haƙori guda ɗaya da ke yin duhu shi kaɗai bayan faɗuwa ko duka. Wannan jijiyarsa ce ta mutu, yana bukatar a duba shi ko da ba ya ciwo. Akwai kuma ruɓewa, mai zuwa da rami da zafi.

Sannan akwai tabon ruwan sha. Wasu rijiyoyi, musamman masu zurfi, ruwansu na ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha. In ya wuce, haƙoran yara na fitowa da fari-fari kamar alli, da ɗigon ruwan ƙasa, wani lokaci da ƙananan ramuka. Ƙasarmu ta ga wannan a Tibiri ta jahar Maraɗi, inda daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000 yara suka sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fulor. Haƙoran yara da yawa suka rine, wasu ma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Alamar da za ta taimaka muku ita ce: in kusan duk yaran da ke shan rijiya ɗaya suna da tabo iri ɗaya, a fara zargin ruwa, a sanar da mai gari da magajin gari don ma'aikatar ruwa ta auna shi. Tafasa ruwa ba ya fidda fulor.

Abin da ba a yi wa haƙori

Nan ne ɓarna ta fi yawa. Budurwa ta ga biki ya matso, ko saurayi ya gaji da tsokanar abokai, sai a shiga kankare haƙori da gawayi, toka, yashi, kanwa, garin kwalba ko lemon tsami da gishiri. Wasu har ruwan batir ko ruwan wanke tufafi suke ɗigawa.

Haƙori na da farin ɓawo mai ƙarfi a waje, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai ɗan rawaya. Tabon tetirasikilin a wannan sashe na ciki ya fi zama. In an kankare ɓawon, abu biyu ke faruwa: launin ciki ya ƙara bayyana, haƙorin ya fi da duhu, sannan ya fara tsami da zafi in an sha ruwan randa ko shayi. Ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ba ya tsirowa. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Man goge baki da ake talla cewa yana faranta haƙori, iyakarsa dauɗar waje. Ba ya kai wa ga tabon ciki, komai tsadarsa.

Mu sani kuma, haƙorin da tetirasikilin ya rina galibi lafiyarsa lau, yana tauna kamar na kowa. Ba cuta ba ce da ake ɗauka, ba ya kuma nuna cewa mutum ba ya wanke baki. Malamai a makaranta da iyaye a gida, ku tsawata wa masu yi wa irin waɗannan yara dariya. Yaron da aka hana shi buɗe baki a aji, karatunsa ne ake taɓawa.

Gyaran da likitan haƙori ke yi

Mataki na farko shi ne dubawa da wankewa. Likita zai kankare tsatsar da ta taru a gindin haƙora da na'urarsa, ya cike ramuka, ya yi maganin dasashi in yana jini. Sau da yawa bayan wannan wanki ake gane cewa rabin duhun na goro da shayi ne, mutum ya ga abin da ya rage bai dame shi ba.

Na biyu shi ne farantawa da sinadarin feroksid. Likita na auna bakin mutum ya yi masa wani ɗan kwasfa na roba daidai haƙoransa, a riƙa zuba maganin a ciki ana kwana da shi. Haƙoran da shekaru ko shayi suka rina suna haske cikin mako biyu ko makamancin haka, amma tabon tetirasikilin na iya cin wata biyu zuwa shida ana yi kullum. Mai rawaya ko ruwan ƙasa mara zane shi ya fi jin magani. Mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, musamman in duhun na kusa da dasashi, yana raguwa ne kawai, ba ya gushewa duka. Haƙora kan yi tsami lokacin aikin, launin kuma na iya ɗan dawowa bayan shekaru. Ba a yi wa mai ciki, ba a kuma gaggawar yi wa yara.

Na uku shi ne shafe fuskar haƙori da wani farin ƙullu mai launin haƙori, irin wanda ake cike rami da shi, a busar da shi da haske. Ana gamawa a zama ɗaya ko biyu, ba a cin haƙori sosai, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai yana ɗaukar launin goro da shayi, yana iya ɓarewa, bayan wasu shekaru sai an sabunta.

Na huɗu shi ne fallen tangaran. Ana goge kamar rabin milimita daga fuskar haƙori, a manna wani siririn falle da aka ƙera daidai shi. Wannan ya fi rufe tabo mai duhu, yana kuma iya wuce shekara goma in an kula. Amma abin da aka goge ya tafi ke nan, haƙorin zai zauna da falle har ƙarshen rayuwa, in ya fashe sai an sake wani. Mai falle ya yi sallama da fasa goriba, tauna ƙashi da buɗe kwalba da haƙori.

Na biyar shi ne hula, wadda ke rufe haƙori gaba ɗaya, kamar yadda haƙorin Makka ke hawa kan haƙori, sai dai ita mai launin haƙori ce. Ana cin haƙori ta kowane gefe kafin a sa ta, don haka an fi ajiye ta ga haƙorin da ya riga ya karye ko ya ruɓe.

Falle da hula kowane haƙori kuɗinsa daban, kuma ba a yin ɗaya a bar sauran, sai an yi na gaba shida ko takwas kafin murmushi ya daidaita. Ana kuma jira sai yaro ya gama girma. Mai son gyara ya fara daga gidan likita mafi kusa, su tura shi babban asibitin jaha a Diffa. Aikin falle da hula galibi sai manyan birane irin su Damagaram, Yamai, Maiduguri ko Kano. Daga Diffa zuwa Damagaram fiye da kilomita 400 ne, zuwa Yamai fiye da 1,300, kuma ba zuwa ɗaya ake gamawa ba. Sai a lissafa kuɗin mota da masauki tun kafin a tashi.

Saƙo ga ƴan uwa na waje

Mun san da yawanku na aiko da kayan faranta haƙori da kuka saya a kanti ko ta intanet, da kyakkyawar niyya. Ku sani a ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a sayar wa mutum kai tsaye da abin da feroksid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ma'ana, wanda doka ta bari a kanti bai da ƙarfin taɓa tabon tetirasikilin, wanda kuma ya zo ba suna ba adireshi yana iya ƙona dasashi ko ya cinye ɓawon haƙori. Kuɗin nan in kun aiko su a kai yarinyar wurin likita ya duba ya wanke, sun fi amfani.

Masu shirin kai ɗan uwa Masar, Turkiyya ko Dubai a yi masa haƙora, ku yi tambaya biyu kafin a fara: nawa za a goge daga haƙorin, kuma wa zai gyara in ya ɓare bayan an dawo Barwa ko Boso?

Magungunan da ba su da laifi a nan

Kada wannan bayani ya sa wata uwa ta gudu daga maganin da ke ceton rai. Man ido na tetirasikilin da ungozoma ke sa wa jariri ranar haihuwa, da wanda ake bayarwa don ciwon amodari, a ido yake tsayawa, ba ya rina haƙori. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara gida-gida da damina ba ɗan wannan dangi ba ne. Haka azitiromisin da amoksisilin, da alluran rigakafi baki ɗaya.

Akwai kuma Doxycycline. Ɗan gidan ne, amma ba ya manne wa kalsiyam da ƙarfi kamar tsohon tetirasikilin. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince a ba yaro ko nawa ne shekarunsa in bai wuce kwana 21 ba. In kwalara ta ɓarke, kashi ɗaya tak ake ba mara lafiya. Saboda haka in ma'aikacin lafiya ne ya rubuta shi, a karɓa a sha yadda ya ce.

In yaro na zawo fa?

Mafi yawan kafson da ke shiga cikin yara da sunan zawon haƙori yake shiga. Fitar haƙori na sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma zawo daga ƙwayoyin cuta yake, a daidai watannin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Yawancin zawon yara ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira SRO, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, a garzaya likita ba jira. Tun 2006 gwamnati ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta a asibitocinta.

Ga wani abin lura. Saboda tetirasikilin na manne wa kalsiyam, in an sha shi da nono, madara ko fura, wani kaso nasa a hanji yake maƙalewa, ba ya aikin da aka saye shi dominsa. Wanda kuma ya tsufa, ya sha zafin rana da laima a tiren mai talla, yana iya lalacewa ya taɓa ƙoda.

Saboda haka, ƴar uwa mai ciki, duk inda za a ba ki magani ki faɗi cewa kina da ciki, mai shayarwa ma ta faɗa. Kaka da ke riƙon jika, a daina buɗe kafso ana zubawa a kunu. Maigida, in ka je kasuwa da kuɗin tattasai ko na kifi, kada ka sayo wa yara magani da ka, ka kai su a duba. Masu sayar da magani kuma, ku ji tsoron Allah, ku tambayi shekarun wanda za a ba kafin ku miƙa.

Wanda ke da tambaya kan wannan batu ya aiko mana da saƙon murya ko ya kira lokacin shirin kiwon lafiya, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya. Masu karatu kuma, ku karanta wa waɗanda ba su samu dama ba, ku fassara wa maƙwabta da Barbarci da Fulatanci. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a.